Zuwa Maroko Don Wasanni: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da Maroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, sunanta bai bar bakin masu hirar ƙwallo ba. Da aka yi gasar cin kofin nahiyar Afirka a Maroko, daga 21 ga Disamba 2025 zuwa 18 ga Janairu 2026, sai hirar ta koma ta yadda za a je a gani da ido. Tambayoyin nan su ne suka fi fitowa daga bakin masu niyyar tafiya, wasu don kallo, wasu don su hau dutse ko su yi gudu. Ra'ayina shi ne, wanda ya tara kuɗinsa don tafiyar wasanni, Maroko ce ta fi dacewa ya fara da ita, kuma asara ce ya je ya dawo bai san komai ba sai kujerar filin wasa.

Ni ɗan Arsenal ne, burina in ga wasa a Landan. Me zai kai ni Maroko?

Babu mai raba ka da burinka, Allah Ya cika maka shi. Amma zauna ka yi lissafi tukuna. Bizar Ingila tana da tsada, in aka hana ka kuwa kuɗin ya tafi ke nan. In ka same ta, sai rigimar tikiti ta taso. Manyan ƙungiyoyin Firimiya suna fara sayar wa masu katin zama ɗan ƙungiya ne, su ɗin ma sai mai sa'a, don masu nema sun ninka kujerun. Abin da yakan rage wa baƙo shi ne tikitin alfarma da ake haɗawa da abinci da ɗakin hutawa, wanda kuɗin guda ɗaya zai riƙe mutum kwanaki a Maroko.

Maroko kuwa jirgi ɗaya ne daga Legas ko Yamai zuwa Kasablanka. Ba za ka tsaya tambayar ko naman nan yankan Musulmi ne ba, ba za ka bi lungu kana neman inda za ka yi salla ba. Malikawa ne, kuma da ruwayar Warshu suke karatu, wadda duk wanda ya zauna a makarantar allo ya tashi da ita a kunnensa.

Ƙwallonsu kuma ya kai a biya kuɗi a kalla. A 2022 sun fitar da Sifaniya a bugun fenareti, suka doke Fotugal da ci 1-0, suka zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya. A 2024 sun ci tagulla a wasannin Olamfik na Faris. A 2025 matasansu 'yan ƙasa da shekara 20 suka ɗauki kofin duniya a Chile bayan sun doke Ajantina 2-0. Wannan ba dace ba ne. Makarantar horar da 'yan ƙwallo ta Sarki Muhammadu na Shida da ke Sale, kusa da Rabat, ita ta fito da irin su Youssef En-Nesyri da Azzedine Ounahi da Nayef Aguerd. Filayensu kuma sun yi kyan da ƙasashen Afirka da dama, har da Nijar, suka riƙa yin wasanninsu na gida a can lokacin da hukumar CAF ba ta amince da nasu filayen ba.

In wasa ɗaya tak zan kalla, wanne zan zaɓa?

Wasan hamayya na Kasablanka, tsakanin Wydad da Raja. Ba na ɗora wani a kansa.

An kafa Wydad a 1937, ja ne launinta. An kafa Raja a 1949, ita kuma kore. Gari ɗaya suke, fili ɗaya suke amfani da shi, wato filin Muhammadu na Biyar da ke tsakiyar birni, wanda mutanen gari ke kira Donor. In ka faɗa wa direban tasi haka ya gane. Kowacce ta ci kofin zakarun Afirka sau uku: Wydad a 1992 da 2017 da 2022, Raja a 1989 da 1997 da 1999. Raja ce ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙungiyoyi a 2013 a Marakesh, inda Bayern Munich ta doke ta 2-0.

Sai dai abin da ke jan mutane daga nesa ba 'yan wasan ba ne, 'yan kallon ne. Magoya bayan Wydad suna cika bayan ragar arewa, na Raja suna cika ta kudu, tun sa'o'i kafin a take leda. Kowa na da takarda mai launi a hannunsa. Da zarar 'yan wasa sun fito, sai a ɗaga takardun a lokaci guda, dubban hannaye su zama hoto ɗaya da ya rufe ɓangaren filin gaba ɗaya, da rubutu a ƙasansa na zolayar ɗaya ɓangaren. Matasa ne ke haɗa kuɗi, su yi makonni suna zane da ɗinki a ɓoye don kada abokan hamayya su ji labari. Daga nan sai ganga da waƙa, babu tsayawa har alƙalin wasa ya hura tashi, a ci ko a sha kashi. Wani lokaci hayaƙin wutar wasa yakan turnuƙe filin har a dakata. Wanda ya saba ganin wannan a talabijin ɗin gidan kallo, ranar da ya ji kujera na rawa a ƙarƙashinsa zai yarda gani ya kori ji.

Ga inda ake samun matsala. Gasar ƙasar, wadda ake kira Botola, tana farawa ne wajen Satumba ta kai ƙarshen bazara, amma ba a cika sanar da ainihin rana da sa'ar wasa da wuri ba, kuma akan ɗage. An sha kai wasan hamayyar wani gari saboda gyaran fili, an kuma sha yin sa ba 'yan kallo saboda hukunci. Don haka kada ka yanki tikitin jirgi na kwana uku ka ce wasan nan kaɗai ka zo gani. Ba wa kanka mako guda ko kwana goma, ka tanadi madadin. Wasan Wydad ko Raja ko AS FAR ta Rabat a gasar ƙungiyoyin Afirka shi ma yakan cika fili, kuma ranakunsa sun fi tabbata.

Ta yaya ake samun tikiti?

Yawanci ta intanet, kwanaki kaɗan kafin wasa, kuma ƙungiyar da ke karɓar baƙunci ce ke sanar da hanyar saye a shafinta na Facebook ko Instagram. Na manyan wasanni yakan ƙare cikin sa'o'i. Ka nemi ma'aikacin masaukinka ya taimaka maka, sun saba. Kada ka saya a hannun masu tsayawa a bakin ƙofa, don tikitin jabu yana yawo, kuma in na'ura ta ƙi shi ba ka da wanda za ka kama.

Manyan gasanni tsarinsu daban. A gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 2025, sai da kowane ɗan kallo ya sauke manhajar Yalla a wayarsa ya yi rajistar shaidar ɗan kallo kafin ya iya sayen tikiti. Ka sa ran irin wannan a duk babbar gasa nan gaba.

Babu haɗari? Zan iya zuwa da yarana?

Wasan ƙungiyar ƙasa da na manyan gasanni iyalai ne ke cika su, da mata da yara. Wasan hamayya kuwa ban ba da shawarar zuwa da ƙananan yara ba. Kai ma ka sayi kujera a tsakiya, ɓangaren da ke da rumfa, ka bar bayan raga ga masu shi. Kada ka sa ja ko kore a ranar. Farar riga ko toka ta ishe ka. Ka isa da wuri don bincike yana da yawa, in an tashi kuma ka zauna minti ashirin cunkoso ya ragu. Waya a aljihun gaba, fasfo a masauki, hotonsa a hannu.

Yaya batun biza da jirgi?

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, kuma ofishin jakadancin Maroko yana Abuja. Ka fara nema da wuri, da tikitin zuwa da dawowa, da shaidar masauki, da takardar banki. Nijar tana cikin ƙasashen da Maroko ta daɗe da ɗage wa biza, amma a lokacin babbar gasa akan ƙara sharaɗin neman izini ta intanet, don haka ka tuntuɓi ofishin jakadanci kafin ka biya kuɗin jirgi. Kamfanin Royal Air Maroc ne ke tashi kai tsaye zuwa Kasablanka. Ka riƙe katinka na rigakafin shawara. Kada ka sa jirgin ɗaukar hoto maras matuƙi a jakarka, jami'an kwastan suna karɓewa.

In na sauka, yaya zan yi yawo tsakanin garuruwa?

Jirgin ƙasa. Tasharsa tana ƙarƙashin filin jirgin saman Kasablanka, ba sai ka fita waje ba. Jirgi mai gudun tsiya da ake kira Al Boraq ya fara aiki a Nuwamban 2018, yana gudun kilomita 320 a awa a wani ɓangaren hanyar, yana haɗa Tanja da Kasablanka cikin awa biyu da 'yan mintoci, ta kan Rabat. Daga Kasablanka zuwa Rabat kimanin awa ɗaya ne, zuwa Marakesh kusan awa uku, zuwa Fas kusan awa huɗu. Layin dogo bai kai Agadir ba. Daga Marakesh sai ka shiga bas ɗin CTM ko Supratours.

A cikin gari akwai ƙaramar tasi, kowane birni da launinsa: ja a Kasablanka, shuɗi a Rabat. Ka ce direba ya kunna mita kafin mota ta tashi. Larabcinsu na titi, Darija, zai ba wanda ya koyi Larabcin littafi wahala, amma su suna gane shi in ya yi magana a hankali. Mutumin Nijar ko Kamaru ko Chadi da ke jin Faransanci ya huta.

Ni ba kallo ya dame ni ba, so nake in motsa jikina. Ina zan nufa?

Dutsen Toubkal. Tsayinsa mita 4,167, babu wanda ya kai shi a duk Arewacin Afirka. Don ka gane girman abin, Chappal Waddi da ke Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Duk da haka a lokacin zafi ba a buƙatar igiya ko wata ƙwarewa ta hawa. Tafiya ce da ƙafa, mai tsawo, mai gajiyarwa.

Daga Marakesh mota za ta kai ka ƙauyen Imlil cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Ƙauyen Amazigawa ne, 'yan asalin yankin, a tsakiyar itatuwan gyaɗar Turawa da tuffa, ruwa na gangarowa ta ƙananan magudanai a gefen hanya. A nan za ka haɗu da jagoranka, a ɗora kayanka a kan alfadari. Ranar farko tafiyar awa biyar zuwa shida ce, ta kan wurin ziyarar Sidi Chamharouch, inda wani ƙaton dutse da aka shafa wa farin fenti yake, da 'yan rumfunan masu sayar da ruwan lemo da suke sanyaya kwalabensu da ruwan ƙorama. Za ka kwana a masaukin mahaya da ke wajen mita 3,200, ɗaki ɗaya gadaje jere, a ci miya mai zafi da burodi a kwanta da wuri. Kafin asuba ake tashi, kowa da fitila a goshi. Awa uku zuwa huɗu kana taka tsakuwa mai zamewa, iska na yankan fuska, sannan ka iso inda aka kafa alamar ƙarfe mai kusurwa uku. Daga can, in sama ta washe, tsaunukan Atlas ne jere ta ko'ina, ta kudu kuma ƙasa tana gangarawa zuwa hamada. A ranar ake sauka har Imlil, kuma saukar ta fi cin gwiwa.

Jagora dole ne. An tsaurara dokar bayan kisan wasu 'yan yawon buɗe ido mata biyu a yankin a Disamban 2018, kuma akwai shingayen jami'an tsaro da ke duba fasfo a hanya. Ka ɗauki mai lasisi, ka kuma kyauta masa da mai alfadarin. Yankin nan ne girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta fi yi wa ɓarna, wadda ta kashe mutum kusan 3,000, kuma da kuɗin mahaya dutse gidaje da yawa suke cin abinci. Wanda ya tsaya yana taya mai alfadari a kan dirhami ashirin bai kyauta ba.

Ban taɓa hawa dutse ba. Zan iya?

In kana da lafiya kuma ka shirya, za ka iya. Abin da ke kayar da mutane ba ƙarfin ƙafa ba ne, ƙarancin iska ne. Mu da muka tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa jikinmu bai saba da shi ba, kuma bai san matashi ko ɗan ƙwallo ba. Alamunsa ciwon kai, tashin zuciya, jiri da kasa barci. In suka tsananta, magani ɗaya ne, a sauka. Kada ka ɓoye wa jagora don kunya.

Ka ƙara kwana ɗaya a Imlil kafin hawa, ka yi ɗan zagaye a tuddan kusa. Wata biyu kafin tafiya ka riƙa doguwar tafiya da jaka a baya, kana hawa bene ko duk tudun da ke kusa da kai. Mutumin Jos ko Zariya ko Dutse ba shi da uzuri. Takalmin hawa ka saye shi tun a gida ka tattaka shi ya saki, sabon takalmi a kan dutse azaba ne. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko sikila ya fara ganin likita. Daga Mayu zuwa Oktoba ne lokacin sabon shiga. A hunturu dusar ƙanƙara ce ke rufe hanya, sai da ƙarafan da ake ɗaura wa takalmi, wannan kuma ba na mai koyo ba ne.

Masu gudu fa?

Ƙasar masu gudu ce tun da daɗewa. Said Aouita ya ci zinare a mita 5,000 a Olamfik na 1984. Hicham El Guerrouj ya kafa tarihin mita 1,500 a Rum a 1998, minti 3 da daƙiƙa 26, sannan ya ci zinare biyu a Atina a 2004. Soufiane El Bakkali, ɗan Fas, ya ci zinaren tseren mita 3,000 mai tsallake shinge da ruwa a Tokiyo, ya sake ci a Faris. Da yawansu a Ifrane suke atisaye, wani gari mai sanyi a kan tsauni, sama da mita 1,600, da dazuzzuka kewaye da shi, awa ɗaya da 'yan kai daga Fas. Kowa na iya zuwa ya yi gudunsa a hanyoyin dajin da sassafe.

Mai son shiga gasa ya nufi gudun famfalaki na Marakesh da ake yi a Janairu. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, garin da sanyi, kuma akwai rabin zango na kilomita 21 ga wanda 42 ta yi masa yawa. Mai son kallo kuma, Rabat tana karɓar ɗaya daga cikin zangunan gasar Diamond League, inda manyan 'yan tseren duniya ke haɗuwa.

Akwai kuma gudun hamada, Marathon des Sables, da aka fara a 1986. Kimanin kilomita 250 ne cikin mako guda a kudancin ƙasar, kowa ɗauke da abincinsa da abin kwanciyarsa a baya, ruwa da tanti kawai ake ba shi. Lahcen Ahansal, ɗan Zagora, ya ci shi sau goma. Kuɗin shiga ya kai dubban yuro, don haka ga yawancinmu labari ne mai daɗin ji.

Teku fa? Ban iya iyo ba.

To kada ka fara da igiyar ruwan Atlantika. Taghazout, arewa da Agadir kaɗan, ta yi suna wajen hawa igiyar ruwa a kan allo, kuma akwai makarantun koyarwa da ke ba da hayar allo da rigar ruwa. Essaouira kuma iska ce arzikinta. Amma ruwan da sanyi, yana da ja, kuma malami ba zai maye maka iya iyo ba. Wanda bai iya ba ya yi gudu ko ƙwallo a kan yashin Agadir da yamma, inda samari ke kafa raga da takalma. In ka tsaya a gefe minti biyar za a kira ka.

Mu mutanen doki ne. Akwai abin da za mu gani?

Akwai, kuma in da ni ne zan tsara tafiyar don ta dace da shi. Sunansa tburida. Mahaya ne ke jeruwa sahu ɗaya, cikin fararen kaya da rawuna, dawakai sun sha ado da sirdi mai aikin zare, kowa da doguwar bindigar toka. Shugabansu, muƙaddami, yana tsakiya. Su fara da tafiya, su ɗaga bindigogi su yi gaisuwa, sai muƙaddami ya yi kira, a saki linzami. Su zo a sukwane kafaɗa da kafaɗa, suna juya bindigogin a sama, a ƙarshen fili su miƙe a kan likkafa su harba. Gwanintar ita ce ƙarar ta fito guda ɗaya, kamar bindiga ɗaya aka harba. In ta mutum ɗaya ta makara ko da ƙiftawar ido, 'yan kallo sun ji, kuma mahayin ya san ya kunyata sahunsa. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan Daushe ya ga mahaya sun kawo jahi zai ji abin ya taɓa shi. Hukumar UNESCO ta sa tburida cikin al'adun da duniya ke tattalinsu a 2021, ta sa hawan Sallar Kano a 2024.

Ana yin sa a bukukuwan shekara na yankuna da ake kira musim. Mafi girma shi ne na Moulay Abdellah Amghar, kusa da El Jadida, wanda akan yi a Agusta, inda filin bakin teku ke cika da tantuna. A El Jadida ɗin kuma ake baje kolin dawakai a kaka. Ka tsaya inda jami'ai suka ce, garin bindiga ba abin wasa ba ne.

Zan iya haɗa tafiyar da ziyara a Fas?

Sosai ma. A Fas Shehu Ahmadu Tijjani ya rasu a 1815, kuma zawiyarsa tana cikin tsohon birni, inda ba a rasa baƙi daga Najeriya da Nijar da Sanagal. Masallacin Ƙarawiyyin, wanda Fatima al-Fihri ta kafa a 859, yana kusa. A garin ne Super Eagles suka buga wasanninsu na rukuni a gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 2025, kuma ƙungiyar garin, MAS, mai launin rawaya da baƙi, tana da magoya baya masu zafi. Tsohon birnin kansa motsa jiki ne, don mota ba ta shiga, lunguna ne na hawa da gangara. Ka leƙa majemar Chouara. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da fatake ke ƙetare hamada da ita tana cikin abin da Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko.

Mace za ta iya wannan tafiya?

Za ki iya, Hajiya. Mata suna hawa Toubkal da hijabinsu, suna gudu a Marakesh, suna cika filin wasa. A Rabat sama da mutum 45,000 suka kalli wasan matan Maroko da Najeriya a 2022. A garin ne kuma Super Falcons suka farke ci biyu suka doke masu masaukin 3-2 a Yulin 2025, suka ɗauki kofinsu na goma. Nawal El Moutawakel, wadda ta ci zinare a tseren mita 400 mai tsallake shinge a 1984, 'yar Kasablanka ce, kuma har ministar wasanni ta yi. Ki tafi da mahrami ko cikin ayari, ki guji bayan raga a wasan hamayya, a kasuwannin Marakesh kuma masu talla suna da naci, a wuce su ba tare da tsayawa ba.

Wane lokaci ya fi?

Afrilu zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Oktoba. Ana buga Botola, dutse a buɗe yake ko yana dab da buɗewa, zafi bai yi yawa ba. A Yuli da Agusta Marakesh da Fas sukan haura maki 40, ƙwallon gida kuma yana hutu. Disamba da Janairu akwai sanyi da ruwan sama, irin sanyin da rigar hunturunmu ba ta tare shi. Kallon wasan dare a Tanja ko Rabat sai da babbar riga da safa da hula mai rufe kunne.

Agogonsu ɗaya ne da namu, sai a watan azumi da suke mayar da shi baya da awa ɗaya. A Ramadan akan kai wasanni dare, bayan an sha ruwa da miyar harira da dabino. Hawa dutse da azumi kuwa kada ka gwada.

Nawa zan tanada?

Farashi yana motsi, canji ma haka, don haka ga abin da ba ya canzawa. Jirgi ne zai cinye kaso mafi girma. Naira ba ta canzuwa a can, ka tafi da dala ko yuro ka canza zuwa dirhami bayan ka sauka. Ba a fita da dirhami mai yawa daga ƙasar, ka canza abin da ya rage kafin ka taso. Abinci a inda 'yan gari ke ci ba shi da tsada: tajin, gasasshen kifi, kuskus ranar Juma'a. Tikitin Botola ma haka. Masauki a ranakun babbar gasa shi ke tashi, shi ya sa ake kama shi tun da wuri. Kuma ka yanki inshorar tafiya da ta ambaci hawa dutse a fili.

Tunda Sifaniya na kusa, ba zan tsallaka in ga wasan La Liga ba?

Kusa take, kilomita 14 ne a inda mashigar ruwan ta fi ƙunci, kuma jirgin ruwa daga Tanja zuwa Tarifa kimanin awa ɗaya ne. Daga can Sevilla, garin Sevilla da Real Betis, ba ta da nisa. Amma sai da bizar Shengen, ta shiga ƙasashen Turai irin su Sifaniya, kuma a ƙasar da kake zaune ake neman ta kafin ka taso, ba a Maroko ba.

Zan faɗi wannan da babbar murya saboda ƙannenmu. Duk wanda ya tare ka a Tanja ko Kasablanka ya ce zai tsallakar da kai ta ruwa da dare, ko ya ce shi wakili ne zai kai ka gwaji a wata ƙungiyar Turai in ka biya, ka rabu da shi. Ruwan nan ya ci 'ya'yan mutane da yawa. Ka dawo kafin ranar da aka buga maka a fasfo ta cika. Kowane mutum ɗaya da ya maƙale yana ƙara wa na bayansa wahalar samun biza.

Ba gara in jira gasar cin kofin duniya ta 2030 ba?

A Disamban 2024 FIFA ta tabbatar wa Maroko da Sifaniya da Fotugal karɓar baƙuncin gasar, da wasanni uku na cikar shekara ɗari da za a yi a Uruguay da Ajantina da Paraguay. Ana gina sabon filin Hassan na Biyu a Benslimane, tsakanin Kasablanka da Rabat, wanda aka tsara zai ɗauki mutum 115,000. Filin Yarima Moulay Abdellah na Rabat an rushe shi an sake gina shi, an buɗe a 2025.

Ka yi niyyar 2030, amma kada ta hana ka zuwa yanzu. A lokacin gasar tikiti ta hannun FIFA zai fito, duk duniya na rububinsa, masauki zai ninka, kuma tsakiyar zafi ne. Wasan ƙasar da kake goyon baya ma yana iya faɗawa Madrid ko Lisbon, ba Kasablanka ba. Wanda ya je tun yanzu ya san tashar jirgin ƙasa, ya san unguwar da zai sauka, yana da lambar jagora a Imlil, fasfonsa kuma na ɗauke da hatimin da ke nuna ya shiga ya fita a kan lokaci. In kuɗin tafiya ɗaya kake da shi, ka zaɓi Oktoba mai zuwa, ka yi kwana goma: kwana uku a Kasablanka da Rabat, uku a Marakesh da Toubkal, biyu a Fas, sauran biyun ka bar su a sake saboda ɗage wasa.